Shekara 106 Kafin Yajin Aiki: Tarihin Wakilcin Ma'aikatan Jinya Daga Landan Zuwa Accra

Ranar Alhamis 15 ga Disamba 2022, dubban ma'aikatan jinya a Ingila da Wales da Ireland ta Arewa suka ajiye aiki, suka yi cirko-cirko a ƙofofin asibitoci cikin tsananin sanyi. Ga wanda ya saba da halin ƙasashenmu, wannan ba labari ba ne, domin da wuya shekara ta zagayo ba a ji ma'aikatan lafiya sun tafi yajin aiki a Accra ko Yamai ko Abuja ba. Amma a Birtaniya abin ya girgiza mutane. Ƙungiyar da ta kira yajin, wato Royal College of Nursing, wadda aka fi sani da RCN, an kafa ta tun 1916, kuma sai da ta shekara 106 kafin ta taɓa umurtar mambobinta na Ingila su bar bakin aiki.

Mu da muke gabatar da shirye-shiryen kiran waya a gidajen rediyo mun san abin da ke biyo baya duk ranar da nas-nas suka shiga yajin aiki. Wani zai kira ya ce marasa imani ne, sun bar mai naƙuda a ƙasa saboda kuɗi. Wata za ta kira ta ce 'yarta nas ce, wata da watanni ba ta ga alawus ɗinta ba, kuma ita kaɗai ke kwana da ɗaki guda na majinyata. Wannan muhawara ta girme mu duka. Ta fi shekara ɗari ana yin ta, kuma a cikin gidan ma'aikatan jinyar kansu ta fi zafi: shin ƙungiyarsu ta kare martabar sana'a ce, ko ta ƙwato haƙƙin ma'aikaci? Tarihin Birtaniya ya cancanci a duba shi, domin tsarin jinyar da Ghana da Najeriya suka gada daga can ya zo, har da rigingimunsa.

Rikicin rajista

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, jinya a asibitocin Ingila aiki ne na masu hidima, babu horo na musamman, babu daraja. Sunan da Florence Nightingale ta yi a yaƙin Crimea daga 1854, da makarantar da ta buɗe a asibitin St Thomas na Landan a 1860, su suka sauya yadda ake kallon aikin. 'Ya'yan masu hali suka fara shiga. Sai dai har lokacin babu dokar da ta fayyace wace ce nas. Mace da ta yi shekara 3 tana koyo da wadda ta yi wata 3 duk suna iya sa farar riga su karɓi kuɗin jama'a. Likitoci kuwa tun 1858 doka ta ba su rajista.

Wadda ta ɗauki wannan batu a ka ita ce Ethel Bedford Fenwick. Tana da shekara 24 ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin St Bartholomew a 1881, ta bar aikin a 1887 da ta yi aure. A wannan shekarar ta kafa ƙungiyar British Nurses' Association. Buƙatarta ita ce a yi wa nas horo na shekara 3, a yi mata jarrabawa iri ɗaya a duk ƙasa, a rubuta sunanta a rajistar gwamnati, kuma ma'aikatan jinya su riƙe ragamar wannan rajista da kansu. A 1899 ta jagoranci kafa Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, ICN, wadda har gobe take aiki.

Abin mamaki, babbar mai adawa da ita Nightingale ce. A ganin Nightingale, abin da ke sa nas ta zama ta ƙwarai shi ne hali da tarbiyya, kuma takardar jarrabawa ba ta iya auna hali. Manyan asibitocin Landan su ma suka ƙi, amma nasu dalilin na aljihu ne: ɗalibai masu koyon jinya su ne ke yin yawancin aikin asibiti a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wasu asibitocin kuma suna tura su jinya gidajen attajirai su karɓe kuɗin. Doka za ta ɓata musu wannan ciniki.

Ana cikin wannan ja-in-ja sai wasu yankunan da ke ƙarƙashin Birtaniya suka riga ta. A Afirka aka fara: yankin Cape na Afirka ta Kudu ya soma yi wa ma'aikatan jinya rajista a 1891, bisa ƙoƙarin Sista Henrietta Stockdale ta Kimberley. New Zealand ta yi tata dokar a 1901. Ungozomomin Ingila suka samu tasu a 1902. Ma'aikatan jinya kuwa, daga 1904 zuwa 1914 an sha kai ƙudurinsu majalisar dokoki yana faɗuwa.

Kwalejin da ta ɗaure hannunta

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cika asibitoci da mata 'yan sa-kai waɗanda horonsu bai wuce na 'yan makonni ba. Ƙwararrun nas-nas suka tsorata cewa bayan yaƙi waɗannan za su cika kasuwa, albashi ya ƙara faɗuwa. A wannan yanayi ne Dame Sarah Swift da Sir Arthur Stanley, dukansu manya a ƙungiyar Red Cross ta Birtaniya, suka kafa College of Nursing a watan Maris 1916 da mambobi 34.

Sunan da suka zaɓa yana da ma'ana. Sun kira ta kwaleji domin ta yi kama da kwalejojin likitoci masu daɗaɗɗen tarihi. A cikin takardun kafa ta an rubuta sharaɗin da ya hana ta zama ƙungiyar ƙwadago. Aikinta shi ne ilimi, ɗaukaka darajar sana'a, da yin magana da hukuma cikin ladabi. Mata ne kawai mambobinta, su ma sai waɗanda suka yi cikakken horo a babban asibiti. Sai a 1960 aka yarda namiji ya shiga.

Fenwick ta ɗauki wannan kwaleji a matsayin kishiya, tana ganin masu asibitoci ne ke juya ta. A 1919 kowane ɓangare ya kai nasa ƙudurin majalisa, suka yi ta kai ruwa rana, har ministan lafiya Christopher Addison ya ce duka su janye, ya kawo na gwamnati. Dokar rajistar ma'aikatan jinya ta tabbata a Disamba 1919, shekara 32 bayan Fenwick ta fara fafutuka. Da aka buɗe rajistar a 1921, sunanta ne na farko.

Nan ne aka samu rarrabuwar da har yanzu mutane ke ruɗewa a kai. Dokar ta kafa hukuma mai ba da lasisi da ladabtar da wadda ta yi laifi. Wannan hukuma jama'a take karewa daga nas marar ƙwarewa. Ba ta da ruwa da albashin nas ko yawan awannin da take yi. Kwalejin kuma, wadda ta samu takardar amincewar masarauta a 1928 da laƙabin Royal a 1939, ta ɗauki kanta mai kare mutuncin sana'a. To wa zai yi maganar ciki?

Waɗanda aka raina su suka fara

Amsar ta fito daga inda manyan matan Landan ba su ko kallo, wato asibitocin masu taɓin hankali. Ma'aikatan wurin, maza da mata, 'ya'yan talakawa ne, a cikin asibitin suke kwana, suna aikin da ya haura awa 70 a mako. Wata dokar fansho ta 1909 ta sa aka fara yankar wani abu daga ɗan albashinsu. A 1910 ma'aikatan yankin Lancashire suka kafa ƙungiyar ƙwadago ta National Asylum Workers' Union. A 1918 suka yi yajin aiki a Lancashire. A wannan shekarar kuma, a garin Bodmin, aka kori wasu nas-nas mata saboda sun maƙala bajon ƙungiya a rigarsu. Abokan aikinsu suka fice tare da su, har sai da hukumar asibitin ta mayar da kowa bakin aiki.

Ba kullum ake nasara ba. A watan Afrilu 1922, a asibitin Radcliffe kusa da Nottingham, hukuma ta rage albashi ta ƙara awannin aiki. Ma'aikatan suka kulle kansu a ɗakunan majinyata suna ci gaba da kula da su, amma suka ƙi karɓar umurnin shugabanni. Aka turo 'yan sanda da ma'aikatan kotu suka fasa ƙofofi, aka yi ba-ta-kashi, aka kori masu yajin. Ƙungiyar ba ta mutu ba. Ita ce ta haɗu da wata a 1946 suka zama COHSE, wadda ita kuma a 1993 ta narke cikin babbar ƙungiyar UNISON.

A manyan asibitoci ma akwai waɗanda ba su gamsu da ladabin kwalejin ba. Tun 1919 Maude MacCallum da abokanta suka kafa ƙungiyar ƙwadago ta ƙwararrun nas-nas. A shekarun 1930 aka kai majalisa ƙudurorin taƙaita awannin aikin jinya, kwalejin ta ƙi goyon baya, a kan cewa mai sana'a ta daraja ba ta aiki da agogo kamar leburan masana'anta. A 1938 wasu nas-nas suka yi zanga-zanga a titunan Landan fuskokinsu a rufe, domin duk wadda shugabarta ta gane to ta rasa aikinta. A zamanin, nas na zaune ne a gidan kwanan asibiti, da lokacin da ake rufe ƙofa, kuma a wurare da yawa ranar aurenta ita ce ranar barin aikinta.

Mai karatu zai lura cewa wannan saɓani ya haɗa da bambancin aji. Masu cewa jinya kira ce ta sadaukarwa galibi shugabanni ne da waɗanda suka fito daga gidajen rufin asiri. Masu cewa jinya aiki ne da ake biya kuwa su ne waɗanda albashin ke ciyar da iyayensu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yadda tura ta kai bango

Ranar 5 ga Yuli 1948 aka ƙaddamar da tsarin kiwon lafiya na ƙasa, NHS. Gwamnati ta zama ubangidan kusan duk ma'aikatan jinya, aka kuma kafa zauren tattauna albashi na ƙasa inda RCN da ƙungiyoyin ƙwadago ke zama gefe guda na tebur. Kwalejin da ta rantse ba za ta zama ƙungiyar ƙwadago ba sai ga ta tana cinikin albashi, ko da ba ta kira shi da sunansa ba.

Daga nan sauyin ya riƙa zuwa sannu a hankali. A 1962, lokacin da gwamnati ta ɗaure ƙarin albashi, ministan lafiya Enoch Powell ya miƙa wa nas-nas kashi 2.5 cikin 100, suka cika majalisa da wasiƙu da tawagogi har aka ƙara. A 1969 RCN ta yi gangamin da ya kai ga ƙarin kimanin kashi 20 cikin 100. A 1974 mambobin COHSE suka fara janye wasu ayyuka, RCN kuma ta yi barazanar mambobinta za su ajiye takardun murabus gaba ɗaya. Minista Barbara Castle ta naɗa kwamitin Lord Halsbury, wanda ya ba da shawarar ƙarin kimanin kashi 30 cikin 100.

Shugabannin RCN suka fahimci abu biyu. Na farko, matasan nas-nas suna tururuwa zuwa COHSE da NUPE saboda can ne ake ganin ana tsaya musu. Na biyu, sababbin dokokin ƙwadago na shekarun 1970 sun tanadi wasu haƙƙoƙi ga ƙungiyoyin da aka yi wa rajistar ƙwadago kawai. A 1976 RCN ta zama ƙungiyar ƙwadago a hukumance, shekara 60 bayan an rubuta cewa ba za ta taɓa zama ba. Amma ta riƙe ƙa'idarta ta haramta yajin aiki, kuma ba ta shiga babbar tarayyar ƙwadago ta TUC ba.

Wannan ƙa'ida ta yi mata rana a wani lokaci. A doguwar taƙaddamar albashi ta 1982, sauran ƙungiyoyin lafiya sun yi yajin aiki, RCN ta ƙi. Gwamnatin Margaret Thatcher ta saka da kafa hukuma mai zaman kanta ta duba albashin ma'aikatan jinya a 1983. Sai dai hukumar shawara kawai take bayarwa, gwamnati ke da ta cewa. Da aka ga gwamnatoci na jinkirta shawarar ko su biya ta kashi-kashi, sai mambobin RCN suka kaɗa ƙuri'a a 1995 suka soke haramcin, bisa sharaɗin cewa duk matakin da za a ɗauka kada ya cutar da majinyaci. Duk da haka sai da aka ƙara shekara 24 ba a yi amfani da wannan dama ba.

Daga tafi zuwa yajin aiki

A Ireland ta Arewa aka fara. Gwamnatin yankin ta rushe tun Janairu 2017, babu ministan lafiya, albashin nas-nas ya koma bayan na takwarorinsu na Ingila, ga guraben aiki birjik babu masu cike su. Ranar 18 ga Disamba 2019 mambobin RCN na yankin, ƙarƙashin jagorancin Pat Cullen, suka yi yajin aiki na farko a tarihin ƙungiyar. A Janairu 2020 jam'iyyun yankin suka sasanta suka maido da gwamnati, aka daidaita albashin.

Sai annobar korona ta zo. Duk daren Alhamis mutanen Birtaniya kan fito ƙofar gida su tafa wa ma'aikatan lafiya. Da aka zo maganar albashi a 2021, gwamnati ta fara da tayin kashi 1 cikin 100, daga baya ta ba da kashi 3. A Oktoba 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 cikin 100. RCN, wadda a lokacin Pat Cullen ce babbar sakatariyarta, ta nemi ra'ayin mambobi fiye da 300,000, ta kuma buƙaci ƙarin da ya ɗara hauhawar farashi da kashi 5. A Scotland gwamnatin yankin ta inganta tayinta, aka kauce wa yajin. A sauran yankuna aka fita ranakun 15 da 20 ga Disamba, aka ci gaba a farkon 2023.

Abin lura shi ne yadda aka tsara yajin farko. Kafin ranar, wakilan ƙungiya da shugabannin asibitoci sun zauna sun ware sassan da ba za a taɓa ba, kamar ɗakin kulawa ta musamman, wankin ƙoda da maganin ciwon daji. Nas-nas da ke waɗannan sassa suka shiga aiki da yardar ƙungiyarsu.

Ƙarshen labarin ba mai daɗi ba ne ga RCN. Gwamnati ta miƙa ƙarin kashi 5 cikin 100 da wani dunƙulen kuɗi na sau ɗaya. Shugabannin RCN suka ba da shawarar a karɓa, mambobi suka ƙi da kashi 54 cikin 100 a Afrilu 2023. UNISON, magajiyar waɗancan ma'aikata masu zafin kai na 1910, ita ta karɓa. Da yake yawancin ƙungiyoyin sun amince, aka zartar da tayin a kan kowa. Gwamnati ta kai RCN kotu, alƙali ya yanke cewa wa'adin wata 6 na ƙuri'arta ya ƙare, aka datse yajin da ta shirya a farkon Mayu. Da ta sake neman ƙuri'a a Yuni, kashi 43 cikin 100 ne suka jefa, alhali dokar 2016 ta ce sai rabin mambobi sun jefa kafin yaji ya halatta.

Gadon da ya iso Afirka ta Yamma

Turawan mulkin mallaka sun kawo mana jinyar asibiti da matakanta. A Gold Coast, an buɗe asibitin Korle Bu a 1923, kuma an daɗe ana horar da 'yan ƙasa a bakin aiki ƙarƙashin sistoci Turawa. A 1945 aka buɗe makarantar horo mai zurfi a Kumasi, daga baya aka mayar da ita Accra, wadda ke yaye nas-nas a kan ma'aunin Ingila. Sai aka wayi gari da aji biyu: masu shaidar SRN da masu shaidar QRN, kowane aji da ƙungiyarsa. A 1960 suka haɗe suka zama Ghana Registered Nurses Association, da Docia Kisseih a matsayin shugaba ta farko. A 1961 ƙungiyar ta shiga ICN, ita kuma Kisseih ta zama 'yar Ghana ta farko da ta shugabanci aikin jinya na ƙasa baki ɗaya. Wannan ƙungiya ce a yau ake kira GRNMA, bayan an saka ungozomomi a sunanta.

A Najeriya rabuwar ta fi kama da ta Ingila. Tun shekarun 1940 akwai ƙungiyar ƙwadago ta nas-nas waɗanda aka horar a gida. Daga baya waɗanda suka yi karatu mai zurfi suka kafa tasu ta ƙwararru, kuma cikin jagororinta akwai Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta shiga makarantar Nightingale a 1946, ta dawo asibitin koyarwa na Ibadan a 1954, ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinyarsa a 1964, har ta kai mataimakiyar shugabar ICN. Gwamnatin soja ta Obasanjo ce ta kawo ƙarshen rabuwar, lokacin da ta sake fasalin ƙungiyoyin ƙwadago zuwa 42 a 1978. NANNM ta fito a matsayin ƙungiya ɗaya mai riguna biyu, ta ƙwararru da ta ƙwadago, kuma tana cikin tarayyar NLC.

Ƙasashen da Faransa ta mallaka sun bi wata hanya daban. Can ƙungiyoyin ma'aikata sun tashi ne cikin gwagwarmayar neman daidaito da Turawa, wadda ta haifar da dokar ƙwadago ta ƙasashen ƙetare a Disamba 1952. Al'adar da ta kafu ita ce ma'aikatan fanni guda su taru a inuwa ɗaya. Shi ya sa a Nijar ake jin sunan SUSAS, wadda ta tattara ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a. Ƙarfin wannan tsari shi ne yawa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rauninsa kuwa, matsalar da ta shafi nas ita kaɗai, kamar tsarin karatunta ko yawan majinyatan da ake ɗora mata, tana iya nutsewa cikin jerin buƙatun kowa da kowa.

Misalai biyu na kwanan nan sun nuna cewa tsohuwar muhawarar tana nan da ranta. A Fabrairu 2024 hukumar ba da lasisin jinya ta Najeriya ta fitar da ƙa'idar cewa sai nas ta yi shekara 2 tana aiki kafin a tantance takardunta don fita waje. Nas-nas suka yi zanga-zanga a ofisoshin hukumar a Abuja da Legas. Da yawa a ranar suka gane cewa hukumar da suke biya kuɗin lasisi ba wakiliyarsu ba ce. A Yuni 2025 kuma GRNMA ta shiga yajin aiki a Ghana saboda gwamnati ba ta aiwatar da yarjejeniyar yanayin aiki da aka sa wa hannu a 2024 ba. An fara da ɗaura jan ƙyalle, aka janye daga sashen masu zuwa su koma gida, sannan aka janye gaba ɗaya. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta hana masu ayyuka na dole yajin aiki, amma hakan bai tsayar da su ba. Gwamnati har ta roƙi nas-nas da suka yi ritaya su dawo su taimaka. Sai da kwamitin lafiya na majalisar dokoki ya shiga tsakani aka dakatar da yajin. A kwanakin, masu hali sun tafi asibitocin kuɗi, talakan Nima da na Aboabo kuwa ya rasa inda zai nufa.

Abin da tarihin ke nunawa

Abu na farko, ayyuka uku ne da ake yawan cakuɗawa: hukumar lasisi mai kare jama'a, ƙungiyar ƙwararru mai kula da ilimi da ɗa'ar sana'a, da ƙungiyar ƙwadago mai cinikin albashi da kare wadda aka zalunta a wurin aiki. Na biyu da na uku suna iya zama a gida ɗaya, kamar yadda RCN da GRNMA da NANNM suka nuna. Na farko kuwa dole ya tsaya daban, domin alƙali ba ya zama lauyan wanda yake yi wa shari'a.

Abu na biyu, kalmar sadaukarwa an daɗe ana amfani da ita wajen rufe bakin nas. Gaskiya ne jinya aikin lada ce, kuma Musulmi suna tunawa da Rufaida Al-Aslamiyya da tantinta na jinyar waɗanda suka ji rauni a Madina. Amma lada a wurin Allah ba ta ɗauke wa gwamnati nauyin biyan haƙƙi. Haƙurin RCN na shekaru ya jawo mata girma a idon jama'a, sai dai manyan ƙarin albashin da aka samu, kamar na 1974, sun zo ne lokacin da hukuma ta ga alamar za a bar mata asibitoci.

Abu na uku ya shafi ƙungiyoyin kansu. Jarin ma'aikacin jinya shi ne amincewar jama'a. Yajin da ya ware ɗakin haihuwa da na gaggawa yana matsa wa hukuma ba tare da ya mayar da talaka abokin gaba ba. Wanda ya rufe ko'ina kuwa, ko ya ci nasara a tebur, yakan bar tabon da ba ya gogewa a zuciyar wanda ya rasa nasa. Haka nan gwamnatin da ke son ta hana yaji da doka, wajibi ne ta samar da hanyar sasanci mai haƙori, ta kuma cika abin da ta sa wa hannu. In ba haka ba, dokar takan zama takarda kawai.

Akwai kuma yajin da ba a sanarwa, wanda ya fi kowanne illa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ƙiyasta ma'aikatan jinya miliyan 27.9 a duniya, da giɓin miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashe matalauta. A 2023 hukumar ta lissafa ƙasashe 55 da ƙarancin ma'aikatan lafiyarsu ya kai a yi hattara da ɗibar musu ma'aikata, kuma Ghana da Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi duk suna ciki. Duk da haka nas-nas ɗinmu na ci gaba da tafiya ɗaya bayan ɗaya, yayin da wasu da aka yaye ke zaune a gida shekaru suna jiran a ɗauke su aiki. Da yawa daga waɗanda suka isa Birtaniya suna cike guraben da 'yan ƙasar suka bari ne saboda ƙarancin albashi, kuma a can sukan yanki katin RCN ko UNISON.

Nas ɗin da ta tsaya tana jayayya da gwamnati a kan alawus, har yanzu tana da niyyar zama. Wadda ta daina magana ta fara karatun jarrabawar fita waje, ita ce aka riga aka rasa. Saboda haka duk ranar 12 ga Mayu, da ake bikin ranar ma'aikatan jinya ta duniya ana jawabai da yabo, ya kamata masu mulki da shugabannin ƙungiyoyi da mu masu riƙe da makirufo mu riƙa tambayar yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu bara: nawa aka cika, nawa suka rage. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kuma saka wa masu jinyarsu da alheri.